Manyan Baƙi Ko Manyan Baki: Abin Da Rubutun Jokerman Ya Koya Mini



A zamanmu na ƙarshen watan jiya, ɗaya daga cikin matasanmu ya kawo mini zanen fostar walimar ɗaliban Islamiyya, ya ce in duba kafin a kai wurin bugawa. Yaron ya yi ƙoƙari ƙwarai, launi ya zauna, hoto ya fito. Amma ina ganin irin rubutun da ya ɗora a sama sai na ce masa, "Ƙanena, canza wannan." Ya dube ni ya ce, "Haba Yaya Sakatare, ai duk cikin kwamfutar shi ne ya fi kyau." Sai dariya ta kama ni, don wannan maganar da bakina na taɓa yin ta shekaru da dama da suka wuce. Ranar lokaci ya ƙure, na yi masa alkawarin zan rubuta dalilina a nan, shi ya gani, kowa ma ya gani. Alkawari kaya ne, yau ga shi na sauke.

Sunan rubutun Jokerman. Ko ba ku san sunan ba, na tabbata kun san fuskarsa, don yana nan a allon makarantun yara, a takardar da ake mannawa a robar zoɓo, a katin biki, har da ƙofar wasu shagunan aski. Ga iyayenmu da ba su saba da kwamfuta ba, ga yadda abin yake: kamar yadda kowane malami yake da hannunsa idan ya kama alƙalami, har a ce wannan allon hannun wane ne, haka kwamfuta take ɗauke da hannuwa iri-iri. Kalma ɗaya ce, amma kana iya sa mata riga ɗari. Waɗannan rigunan su nake nufi da salon haruffa.

Na haɗu da Jokerman ne bayan na gama difloma na dawo wurin kawuna a nan Ibadan. Shi ya biya mini kuɗin koyon kwamfuta a wani ɗan shago, ya ce zamani ya zo da abinsa, lissafin goro ma wata rana a cikinta za a riƙa yi. Ranar da mai koya mana ya nuna mana jerin salon haruffa a cikin Microsoft Word, ban yi wani aikin kirki ba. Na rubuta sunana, na riƙa canza masa riga tun daga saman jerin. Na gwada Algerian, na gwada Broadway, na gwada Chiller mai kama da rubutun fim ɗin tsoro, na gwada Curlz mai kama da zanen lalle. Ina isowa kan Jokerman sai na tsaya cak.

Haruffansa masu kauri ne, amma babu wanda ya tsaya tsaf a cikinsu. Wani ya karkace, wani ƙafarsa ta lanƙwashe, wani kamar an gutsure shi an ajiye gutsuren a gefe. An yayyafa musu ɗigo-ɗigo, ga 'yan gajerun sanduna a kusa da su, ga naɗe-naɗe kamar bayan dodon koɗi. Idan ka jera kalma da shi, sai ka ga kamar 'yan tashe ne suka shigo layi cikin azumi, kowa da irin shigarsa, kowa da irin rawarsa. Sunana da na saba gani a katin jarrabawa a bushe, ranar na gan shi yana dariya. Tun daga nan na ɗauke shi aboki.

Daga baya na san asalinsa. Wani mai zanen haruffa ɗan Birtaniya, Andrew K. Smith, shi ya zana shi a 1995, sunan kuma daga wata waƙar Bob Dylan, mawaƙin Amurka, aka ɗauko shi, wadda ta fito a 1983. Ma'anar sunan ta yi kusa da abin da muke kira wawan sarki, wato mai ban dariya na fada. Abin da ya sa ya bazu har ya iso mana shi ne yana zuwa ne a cikin Microsoft Office, don haka duk shagon da ke da kwamfuta yana da shi, ba sai an saya daban ba.

Masu sana'ar bugu sun kasa salon haruffa gida biyu. Akwai na karatu, akwai na shela. Na karatu shi ne wanda za ka bi shafi ashirin idonka bai gaji ba, har ka manta da siffar harafin, hankalinka yana kan magana. Misalinsa Times New Roman, wanda aka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932, shi ya sa yake da daɗin karantawa ko an ƙanƙanta shi. Na shela kuwa aikinsa ya tsayar da mai wucewa. Ana yin sa babba, kalma biyu ko uku, a kan allo ko saman fosta. Jokerman ɗan gidan shela ne, kuma a gidan ma yana cikin masu surutu. Kayan hawan sallah ne. Doki yana kyau da su ranar hawa, amma ba wanda zai ɗaura masa su ya tafi gona.

Yana da 'yan uwa da suka sha irin wannan so da ƙi. Comic Sans, wanda Vincent Connare ya zana wa Microsoft a 1994 yana kwaikwayon rubutun littattafan barkwanci, ya shiga ko'ina har ofisoshi da asibitoci. A 2012 manyan masana kimiyya na cibiyar CERN da ke kusa da Jeniba sun bayyana wa duniya wani babban bincike nasu da shi, mutane da yawa suka bar zancen binciken suka koma zancen rubutun. Haka Papyrus, na Chris Costello, da aka zana a 1982, ya sha tsiya bayan an ga irinsa a fim ɗin Avatar na 2009. Shi kuwa Algerian, mai manyan baƙaƙe zalla, ku leƙa titi ku ƙirga allunan shaguna nawa ne suke sanye da shi. Na kawo waɗannan ne don ƙanena ya san ba shi kaɗai abin ya taɓa ruɗa ba, har masu manyan digiri sun faɗa.

Kada in zalunci abokina, ya yi mini rana. Shekarar farko da aka ba ni sakatare, muka shirya wa yara shagali kwana biyu bayan ƙaramar sallah. Na rubuta SHAGALIN YARA da Jokerman, kowane harafi da launinsa, aka manna a ƙofar makaranta da bakin masallaci. Yaran da ko baƙi ba su fara haɗawa ba suna tsayawa suna nuna shi da yatsa, don sun gane abin nasu ne tun kafin a karanta musu. Wata baiwar Allah mai sayar da kunun aya ta roƙe ni in yi mata takardar mannawa, na yi mata da shi, har yau idan mun haɗu sai ta yi mini godiya. A irin waɗannan wurare Jokerman bai da laifi. Magana ce ta farin ciki, shi kuma fuskarsa ta farin ciki ce, sun dace.

Laifina shi ne da na ga ya karɓu, sai na mai da shi gishiri, kowace miya sai na barbaɗa. Sanarwar taro, da shi. Jadawalin karo-karo, da shi. Har kan takardar ƙungiya na so in sa shi, Allah Ya sa Ma'aji ya ce a bar wanda aka gada.

Karo na farko da ya kunyata ni a katin gayyatar taronmu na shekara ne. Na shirya katin a Word, na rubuta MANYAN BAƘI da Jokerman, a ƙasa na jera sunayen dattawa biyar. Na lura harafin Ƙ ya fito daban, siriri, babu ado, kamar baƙon da ya shigo biki da kayan aiki. Dalili shi ne Jokerman ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wanda ya zana shi Turanci da harsunan Turai ya yi wa, bai san da mu ba. Idan Word ya nemi harafi a cikin salo bai samu ba, sai ya aro daga wani salon ya cike gurbin. Na ce ba komai, masu bugu za su gyara.

Na kai aikin Mokola, inda duk wanda ke Ibadan ya san nan ne matattarar masu buga takardu, ga shi kuma maƙwabtanmu ne. Yaron shagon ya kwashe rubutun ya zuba a CorelDRAW, manhajar da suke aiki da ita. A can babu aro, sai ɗan akwati ya fito a gurbin Ƙ. Yaron ba ya jin Hausa, ya duba takardata ya ga abin ya yi kama da K, ya sa K. Ni kuma ina sauri, ban tsaya na duba gwaji ba, na ce a buga. Kati ɗari biyu suka fito da MANYAN BAKI.

Na san abin da wasu za su ce: ai kullum haka muke rubutu a waya, ba ƙugiya, kuma muna fahimtar juna. Gaskiya ne. Da a ce da rubutu mai natsuwa aka buga, da wataƙila ba wanda zai ɗaga kai. Amma ga haruffa suna rawa suna gwalo, ga sunayen dattawa a ƙasa, ga shi kuma a lokacin akwai 'yar tsama tsakanin wasu daga cikinsu da shugabannin ƙungiya kan maganar kuɗin gyaran makaranta. Wani mai tsokana ya ɗaga katin a majalisa ya karanta shi yadda aka rubuta, da ƙarfi, aka fashe da dariya. Kafin magariba maganar ta isa kunnen ɗaya daga cikin dattawan, wanda dama an san shi da faɗar gaskiya komai ɗacinta. Ya ɗauka da gangan aka yi, da shi ake.

Sai da Shugaba ya ɗauke ni muka je har zaurensa. Na durƙusa na ce, "Baba, wallahi kuskuren na'ura ne da gaggawata, ba da nufi ba ne." Ya daɗe yana kallon katin, sannan ya ce, "Na ji, ɗana. To amma wannan rubutun 'yan wasa fa, shi ma na'urar ce ta zaɓa?" Ban da amsa. Ya yafe, ya kuma zo taron, amma sai da muka sake buga katin, rabin kuɗin daga aljihuna.

Wannan ya sa na koma na nemi sanin ƙugiyoyin nan da muke rainawa. Tun cikin shekarun 1930 suka zauna a rubutun boko, zamanin da ake tsara littattafan Hausa a Zariya, kafin nan kuwa ɗigo ko waƙafi ake sawa a nuna bambancin. Ba don ado aka sa su ba. Ku duba kafa da ƙafa, bari da ɓari, daidai da ɗaiɗai, gaba da gaɓa. Ku duba ƙarya, ku cire mata ƙugiya ku ga abin da za ku kira mutum. 'Yan uwanmu na Nijar ma har da ta huɗu suke da ita, ƴ, inda mu muke rubuta 'y. Da kwamfuta ta shigo babu waɗannan haruffa a cikinta, sai da irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka zauna suka ƙera salon haruffa masu ƙugiya don a samu a rubuta Hausa daidai. Mutane sun sha wahala kafin ƙugiyar nan ta shiga na'ura, ni kuma na yar da ita saboda kwalliya.

Kuna zaton na daddara? Rabin darasin kawai na ɗauka. Na ce matsalar ƙugiya ce, don haka duk kalmar da ba ta da ƙugiya, Jokerman na nan daram. Sai da abu na biyu ya faru, wanda har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Wata baiwar Allah ta zo daga gida ganin yayanta, tare da ɗanta mai shekara bakwai. Kwanansu uku, yaron ya bi wasu yara kallo da la'asar, bai dawo ba. Ba ya jin Yarbanci, ba ya jin Turanci, bai san sunan unguwar da ya sauka ba. Aka yi shela a masallatai, matasa suka bazu, aka kai rahoto inda ya kamata. Wajen ƙarfe goma na dare Shugaba ya ce, "Sakatare, a yi takardar cigiya yanzu, a manna kafin gari ya waye."

Na buɗe kwamfuta hannuna yana rawa. Don in yi sauri, sai na ɗauko tsohuwar fostar shagalin yara, tunda akwai tambarin ƙungiya da gurbin hoto a jikinta. Na goge kalmomin, na rubuta CIGIYA, na ƙara da Turanci a ƙasa, na sa lambar wayar Shugaba. Duk da Jokerman, don shi ne a kan fostar tun asali. Har na ce a raina ai gara haka, zai fi jan ido, kuma ga shi babu ƙugiya a kalmar. Hoton da uwar ta bayar na sallah ne, yaron yana murmushi cikin sabuwar shadda da hula. Muka yi hoton takardar a injin kwafi, baƙi da fari, matasa suka manna a Sabo da Mokola har zuwa wajen Sango.

Uwar yaron a bakin ofishinmu ta kwana. An kawo mata abinci ba ta taɓa ba. Duk wanda ya shigo sai ta miƙe ta dubi bayansa. Da asuba ta ce mini, "Malam Sakatare, an kira?" Na ce, "Tukuna Hajiya, amma in sha Allahu za a kira." Har hantsi ba a kira ba.

Na koma Mokola don a ƙara buga wasu. A wannan karon shagon wani dattijo Bayarabe na shiga, wanda ya fara sana'ar tun ana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu. Ya karɓi takardar, ya miƙa hannu ya nisanta ta da fuskarsa, ya ce, "Malam, bikin ranar haihuwar yaron ne?" Na ce, "Baba, ɓata ya yi, tun jiya muke nema." Ya ajiye takardar, ya dube ni, ya ce in je bakin ƙofa in tsaya. Ya ɗaga ta daga inda yake, kamar taku goma, ya ce in faɗa masa abin da na gani. Wallahi abin da na gani yaro ne cikin kwalliya yana murmushi, da haruffa suna rawa a kansa. Lambar wayar kuwa, ɗige-ɗigen adon sun haɗu da dattin injin kwafi, sai ka matso sosai kafin ka raba wata lamba da wata.

Ya ce mini mai wucewa ba ya karanta takardar bango, kallonta yake yi, kuma a kallon nan guda yake yanke hukuncin ko ta shafe shi. Bai ƙara magana ba, ya zaunar da yaronsa, ya tsaya a kansa. Suka sa Arial mai kauri, baƙi wuluk a kan fari. Kalma biyu a sama, manya, da Yarbanci, sannan Hausa, sannan Turanci. Hoton ya cika rabin takardar. Lambar waya a ƙasa, kowace lamba ta kai tsawon yatsa. Ba fure, ba tambari, ba komai. Da na ciro kuɗi ya ce in mayar, shi ma yana da jikoki.

Kafin azahar an manna sababbin. Bayan la'asar waya ta shigo. Wata mai sayar da abinci ce a wajen Sango. Ta tsinci yaron da magariba yana kuka, ta ba shi abinci, ya kwana cikin 'ya'yanta, tana ta tambayar maƙwabta ko an san inda ya fito. Da muka je ɗauko shi ta faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ta ce tun da safe ta wuce takardarmu ta farko a jikin wani bango a hanyarta ta kasuwa, ta hango ta, amma ba ta matsa ba, don ta ɗauka sanarwar biki ce.

Ba zan ɗora wa salon haruffa laifin duka ba. Rashin sa Yarbanci a takardar farko ma kuskurena ne, a garin da muke zaune cikin Yarbawa fiye da shekara ɗari, tun kafa Sabo a 1916. Kuma komai da lokacinsa, Allah Ya riga Ya ƙaddara sa'ar da za a ga yaron. Amma a lissafina na ɗan Adam, tsakanin safiyar da matar nan ta wuce takardar da la'asar ɗin da ta kira, akwai awa bakwai ko takwas. Awa takwas uwa tana zaune a bakin ƙofa ba ta san ko ɗanta yana raye ba. Ina da hannu a cikin waɗannan awoyin, kuma ban manta ba.

Bayan kwana biyu na koma yi wa dattijon godiya, muka zauna hira. Na ba shi labarin manyan baki, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ciwonmu ɗaya. Su ma Yarbawa suna da ɗigo a ƙarƙashin wasu haruffa da alamomin murya a sama, kuma yawancin salon ado ba su da su. Ya rubuta mini oko, wato gona, da ọkọ, wato miji, da ọkọ̀, wato mota, ya ce in an share ɗigo da alama duk sun zama abu ɗaya, sai mace ta rasa ko gonarta ake nufi ko mijinta. Ya kuma nuna mini dabarar da suke yi idan dole sai an yi amfani da salon ado: a mai da harafin zane a cikin CorelDRAW, a yanko lanƙwasa daga jikin wani harafin na salon, a ɗaura masa a ka. Aikin minti biyar ne ga wanda ya iya, amma sai ka tsaya a kansa ka nuna masa inda ƙugiyar take fuskanta.

A hanyar dawowa na tuna da allon zayyana na saukar karatu. Duk wanda ya taɓa gani ya san irin adon da ake zuba masa, ja da rawaya da kore, zane cikin zane. Amma ku lura, gwanin da ya yi zayyanar ba ya barin ado ya hau kan aya. Ado yana da gurbinsa, rubutu yana da nasa, baƙi a fili, wasali a fili, yadda mai karatu ba zai yi tuntuɓe ba. Ashe malamanmu na tsangaya sun daɗe da sanin abin da ni sai da na sha kunya sau biyu na gane.

Ga ƙa'idojin da nake bi yanzu a duk takardar da za ta fita da sunan ƙungiya, kuma ina roƙon matasanmu masu taimaka mana da zane su riƙe su.

Na farko, kafin ka zaɓi salo, tambayi kanka wa zai karanta, kuma a wane hali yake. Mai murna daban, mai juyayi daban, jami'in da takardu ɗari ke gabansa daban. Cigiya, sanarwar rasuwa, ta'aziyya, neman taimakon marar lafiya, wasiƙa zuwa hukuma ko fada, duk waɗannan ba ruwansu da Jokerman da danginsa. Abin da ya shafi karatun Alƙur'ani da malamai ma yana son natsuwa, shi ya sa na ce a canza na walima.

Na biyu, idan wurin wasa ne, a sa salon ado a kanun magana kawai, kalma biyu zuwa huɗu, manya. Sauran bayani a yi shi da salon karatu. Kwanan wata, lokaci, wuri, lambar waya da lambar asusun banki kada a taɓa yi musu ado. Salo biyu sun isa takarda ɗaya, na uku hayaniya ce.

Na uku, a gwada ƙugiya kafin a fara aiki. Ni jimlar da nake gwaji da ita ita ce: Ɓera ya ɗauke ƙosai. Ina rubuta ta da ƙananan baƙaƙe, in sake da manya. Idan harafi ɗaya ya fito daban da 'yan uwansa, ko akwati ya fito, salon ba shi da haruffanmu. Times New Roman da Arial da Tahoma na kwamfutocin yanzu suna da su. Akwai kuma Noto na kamfanin Google, da Charis da Andika na ƙungiyar SIL, duk kyauta ake sauke su, Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi, ya dace da takardun 'yan makarantarmu.

Na huɗu, kada a ce a buga sai an fitar da gwaji guda, an karanta shi harafi-harafi, an kuma ba wani ya karanta, zai fi kyau dattijo mai tabarau. Sannan a yi gwajin Baba na Mokola: a manna a bango, a ja da baya taku goma, a ga me takardar take faɗa kafin a karanta ta.

Akwai kuma wani sabon yayi da nake gani a nan Facebook da WhatsApp, na rubuta suna ko sanarwa da wasu haruffa masu lanƙwashe-lanƙwashe da ake kwafowa daga intanet. Waɗannan asalinsu alamomin lissafi ne masu kama da haruffa. Ba su da ƙugiya ko ɗaya, wasu wayoyin akwatuna suke nunawa a gurbinsu, idan an nemi sunanka a wurin bincike ba lalle a same ka ba, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu tana rikicewa a kansu. Muna da 'yan uwa masu lalurar gani a cikinmu. Don Allah sanarwar ƙungiya a riƙa yin ta da rubutu na sosai.

Har yau ban goge Jokerman daga kwamfutata ba, kuma ba ni da niyya. Sau ɗaya a shekara nake fito da shi, idan shagalin yara ya zo, in sa masa launi bakwai, in bar shi ya yi rawarsa. Bana ma na yanke shawarar ba ni zan yi fostar ba. Ƙanena mai zanen walima, aikin naka ne, ka sa shi yadda ranka yake so, sai dai kwanan wata da wuri ka bar mana su a fili. Ta walima kuwa ka kawo mini gyararriya kafin Juma'a, mu kai Mokola tare, in nuna maka shagon Baba ka gaishe shi.

Yaron da ya ɓata yanzu ya zama saurayi, an ce yana sakandare a gida. Allah Ya raya mana zuriya, Ya saka wa matar nan da dattijon nan da alheri, Ya jiƙan Baban da ya yafe mini a zaurensa, Ya ƙara haɗa kanmu. Wanda ya ga kuskure a wannan rubutu, ko na ƙugiya ne, ya gyara mini.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Sakataren Ƙungiya